Farar Mota Mai Koriyar Ƙofa

Motar Baba ce tun asali. Fara, tsohuwa, mai ƙofa huɗu, uku farare ɗaya koriya. Ta baya ta hannun dama ita ce koriyar. Ina 'yar sakandare wani ya murƙushe ta asalin a wani lungu, Baba ya tafi tashlih, inda ake farke matattun motoci ana sayar da sassansu, ya dawo da wadda ya samu. Na ce, "Baba, ba za a yi mata fenti ba?" Ya ce, "Tana buɗewa?" Na ce tana buɗewa. "Tana rufewa?" Na ce tana rufewa. Ya ce, "To halas." Haka na girma ina jin kunyar ƙofar nan kamar ni na ƙera ta. Idan zai kai ni makaranta sai in ce ya sauke ni tun daga kwana, wai zan sayi biro.

Bayan rasuwarsa motar ta yi shekaru a ƙofar gidanmu a unguwar Karantina, a nan Jidda, sai wanda muka roƙa ya tuƙa mu. Da aka ba wa mata izinin tuƙi a ƙasar nan na je na koya, aka mayar da takardunta sunana. Ba motar kaɗai na gada ba, har da aikin Juma'a. Tun ina ƙarama, duk ranar Juma'a bayan la'asar Baba yakan ɗauki Inna da Gwaggo ya kai su kasuwar Bab Makka su sayi yadi da kayan miya. Wuri ɗaya yake tsayawa, gaban wani shagon turare, kuma nan na ci gaba da tsayawa.

Gwaggo ba 'yar'uwar Baba ba ce, ba 'yar'uwar kowa ba ce a gidanmu. Maƙwabciya ce, katanga ɗaya ta raba ɗakinta da tsakar gidanmu fiye da shekara talatin. Ita ke zama jikin koriyar ƙofa, Inna a hagu, daga gida har kasuwa suna musu. Wannan ta ce daddawar wancan mutumin ta fi, waccan ta ce ai hancinki ya mutu tun bara. Gwaggo ta ce ina gudu da yawa, Inna ta ce, "Bar mini 'ya, ke da ko keke ba ki taɓa hawa ba." In na gaji na ce su yi mini shiru, sai su haɗe kai su dawo kaina su biyu. Wallahi na sha wuya a hannun matan nan, kuma da za a dawo mini da kwanakin da na karɓa da hannu biyu.

Shekarar da aka rushe Karantina, kowa a unguwa ya zama ba shi ba. An bi gidaje an yi musu jan rubutu, alamar za a rushe su, mutane na ta neman inda za su sa kai. Wata rana da hantsi ina tsakar gida ina naɗe kwanuka a jarida, Gwaggo ta shigo da ɗan kwanon ƙosai. Inna ta ce ta shirya gobe mu tafi tare neman gida, ko ɗaki ɗaya ne a samo mata kusa da mu. Gwaggo ta ce ita ba inda za ta, daga ɗakin nan aka fitar da gawar mijinta, daga nan za a fitar da tata, in ta kama ta je ta kai kuka za ta je. Suka yi ta ja. Inna tana jin tsoro ne, na san muryarta idan tana jin tsoro, takan yi kaifi. Sai kawai ta ce, "Ke da ko iƙama ba ki da ita, wa zai saurare ki?"

Kowa ya san Gwaggo ba ta da iƙama, wato takardun izinin zama a ƙasar. Tun rasuwar mijinta suka lalace, ba a sake gyara su ba. Amma a shekara talatin ba wanda ya taɓa furta maganar a gabanta, balle Inna, wadda in an ga motar bincike a bakin titi ita ke fara jan Gwaggo cikin gida ta ce zo ki taya ni tsince shinkafa. Gwaggo ta dubi Inna. Ta juye ƙosan a farantinmu, ta ɗauki kwanonta ta fita.

Kwana uku ba gaisuwa ta kan katanga. Inna ta ce bari ta huce. Rana ta huɗu muka tafi duba wani gida a Sharafiyya, muka dawo muka tarar da ɗakin Gwaggo a buɗe, ba ko tabarma. Maƙwabta suka ce 'yarta ce ta zo da motar kaya ta kwashe ta. 'Yar tata an aurar da ita wajen Makka tun ina rarrafe, ko a hanya muka haɗu ba zan gane ta ba, kuma ba mu da lambarta. Wayar Gwaggo kuwa layin da sunan wani bawan Allah aka yanka shi, mutumin ya bar ƙasar, layin ya mutu. Na kira har na haddace muryar matar da ke cewa ba a samun lambar.

A wurinmu ba a rabuwa haka. Ko Umra Inna za ta, tafiyar da ba ta wuce sa'a ɗaya, sai ta leƙa ta kan katanga ta ce, "To, a yafe mini." Gwaggo ta amsa, "Na yafe. Ni ma a yafe mini." Su haɗa baki su ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ko asibiti ɗayarsu za ta kwana sai an yi. Sun yi wannan a kan ƙananan tafiye-tafiye sau ba adadi, sai ga babbar rabuwar ta zo ba su yi ba. Abin ya tsaya wa Inna a rai. Ta rage cin abinci, ta rage magana, ranar da ta buɗe baki kuwa cewa ta yi, "'Yar nan, idan na mutu da maganar nan a wuyana, me zan ce?" Ni ce 'yarta ta fari, ba ta kiran sunana, sai 'yar nan.

Mun nema. Duk inda muka ji an ce 'yan Karantina sun koma, mun je. Wasu sun watsu gabas, wasu arewa, wasu sun koma Nijar da Najeriya. Duk wanda muka tambaya sai ya ce ai shi ma yana cigiyar wani. Ana nan wata Juma'a bayan la'asar, muna sabon gidanmu na Sharafiyya, hawa na uku, na ga Inna ta saka abaya ta zauna bakin gado da jakarta a cinya. Ta ce, "Yalla, Bab Makka." Na ce me za mu saya? Ta ce, "Ba komai. Idan tana nemana, can za ta zo." Daga ranar, fiye da shekara, ba Juma'ar da ta wuce ba mu tsaya gaban shagon turaren nan ba. Mu zauna daga la'asar zuwa kiran magariba, Inna a bayan mota a kujerarta ta hagu, idonta a kan masu wucewa. Har mai turaren ya saba, yana ganinmu sai ya janye kwalin da yake tare mana wuri da shi.

Sai ga hatsari ya afka wa motar, ni kuwa ko cikinta ba na. Da safe ne, tana ajiye a ƙofar gida, ina sama ina haɗa shayi. Na ji ƙara kamar an jefo ganga daga saman bene. Na leƙa ta taga sai ga tankar ruwa ta ja da baya ta hau kan motata. Na sauko a guje da niyyar in wanke direban tas, don ni ba a taɓa ni a kwana lafiya, sai na tarar da wani dattijo ya dafe kai yana ta salati. Duk masifar da na taho da ita sai ta bi iska, na ƙare da ba shi ruwa. Bayan motar ya shige ciki, gefen hagu ya lotse tun daga fitila har ƙofar direba. Gefen dama ko ƙwarzane babu.

Aka zo aka ɗauki hotuna, aka rubuta cewa laifin duk na mai tanka ne, kamfanin inshorarsu zai biya, ta'min kamar yadda muke cewa a nan. Aka ja motar zuwa wurin masu ƙiyasi. Bayan kwanaki saƙo ya shigo wayata da kalma ɗaya da ta fi sauran girma a idona, talif. Ma'ana gyaranta ya fi ƙarfin darajarta, a lissafinsu ta mutu. Za su ba ni kuɗinta su ɗauke gawar. Ba zan yi ƙarya ba, wani ɓangare na zuciyata ya yi guɗa. Na gaji da motar da sanyinta ke aiki in ya ga dama, na gaji da tsayawa gefen titi ina zuba mata ruwa. Kafin magariba har na zaɓi launin wadda zan saya.

Ranar da zan je sa hannu, Inna ta ce da ita za a. Na ce Inna takarda ce kawai, ta ce ta ji, da ita za a. Muka tarar da wani ma'aikaci baƙar fata kamarmu, cikin farar jallabiya, Larabcinsa na 'yan Jidda tsantsa. Ya yi bayani a natse: in sa hannu nan da nan, in miƙa makulli da takardun mota, su kuma su aika a ɗauke ta. Inna tana jin Larabci sarai, a nan ta tsufa, amma idan ranta ya ɓaci Hausa kaɗai ke fita. Ta ce, "Gaya wa mutumin nan motar ba ta mutu ba. Ni ban ga an yi mata wanka ba, ban ga likkafani ba."

Kafin in fassara sai na ga kafaɗun mutumin suna rawa. Dariya yake dannewa. Ya ɗago ya ce da wata irin karyayyiyar Hausa, "Hajiya, ina ji. Magana ne babu, amma ina ji." Ashe kakarsa Bahaushiya ce, ita ta raine shi. Inna ta ƙare masa kallo ta ce, "To ka ji kunya, jikan Hausawa kana kashe motar mutane da biro." Ya yi dariya har da share ido. Sannan ya koma Larabci ya ce akwai wata hanya, ba a cika binta ba ne. Tunda ƙashin motar bai karkace ba, ina iya riƙe abata, su rage abin da za su ba ni, in gyara da kaina, in kai ta a duba lafiyarta kafin ta sake hawa titi. Ya dube ni ya ƙara da cewa, tsakaninsa da Allah, ba riba a ciki, da 'yar'uwarsa ce da ya ce ta karɓi kuɗi ta huta.

Na ja Inna waje. A barandar ofishin nan na yi abin da na saba, na ɗaga murya. Na ce, "Haba Inna! Ƙarfe ne fa. In don Baba ne, Baba ba ya cikin ƙarfe. Sabuwa za mu saya, mai sanyi, in kai ki Bab Makka kina hutawa." Ta bari na gama. Sannan ta ce, "Na san ƙarfe ne, ban haukace ba. Gidan an rushe. Layin waya ya mutu. Gwaggo ba ta san Sharafiyya ba, ba ta iya karatu ba. Idan kin ba su motar nan, a ina za ta same ni?"

Na koma ciki na sa hannu a ɗaya takardar. Ma'aikacin bai tambaye ni dalili ba. Da za mu fita ya ce wa Inna, "Sai an jima, Kaka," ta ce, "Ka gaida gida, ka kuma je a koya maka magana."

Aka kai motar warsha, wato garejin gyara, wurin wani samkari mutumin Chadi, irin masu buga jikin mota su miƙe shi. Dattijo ne mai furfura a gemu, Hausarsa rabi Larabci. Ya zagaya ta sau biyu ya ce, "Za ta tashi, amma sai haƙuri." Haƙurin ya kai mako bakwai. Yau a ce ba a samu murfin but ba, gobe a ce an samu amma na wata shekarar ne, jibi a ce mai walda ya tafi gida. Na bi shi tashlih sau biyu da ƙafata, cikin rana, ina tsallake injina ina tambayar kaina wane alhaki nake biya. Abin da inshora suka bayar ya shige ciki bai ko yi motsi ba. A makonnin nan tasi muke hawa zuwa Bab Makka, Inna ta tsaya a gaban shagon turare a ƙafa, mai shagon ya fito mata da kujera.

Ranar fenti samkarin ya kira ni ina wurin aiki. Ya ce zai fesa baya da gefen hagu, to wannan ƙofar ta dama fa, a bar ta yadda take? Ko numfashi ban ja ba na ce, "Shafe ta. A yi ta fara gaba ɗaya." Na gaya wa kaina kyauta nake yi wa Inna, tunda ta dage sai motar, to ta same ta fes. Gaskiyar magana ita ce 'yar sakandaren nan mai sauka a kwana ita ta amsa wayar. Inna ta faɗa mini da bakinta abin da motar take yi mata, na ji da kunnena, har na sa hannu a kai. Amma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina da me Gwaggo, tsohuwar da ba ta san lamba ba, ba ta san sunan mota ba, take gane tamu a cikin motocin Jidda.

Aka duba lafiyarta ta wuce ba gardama. Ranar Alhamis na wanke ta na kawo ta ƙofar gida tana ƙyalli, na hau sama na riƙo hannun Inna muka sauko. Ta zagaya motar a hankali. Ta zo gefen dama ta tsaya, ta ɗora tafinta a kan ƙofar baya, ta daɗe a haka. Ta ce, "Sannu da ƙoƙari." Shi ke nan. Ni kuwa har na yi fushi. Mako bakwai ina cin ƙurar tashlih, a ce sannu da ƙoƙari kamar na share tsakar gida!

Washegari muka je Bab Makka. Ina tsayawa Inna ta buɗe ƙofa ta fita, ta jingina da motar. Rana ce irin ta Jidda mai haɗe da gumi, wadda ko a inuwa kake sai rigarka ta manne. Na ce, "Inna ki shigo, sanyin yana aiki yanzu, don ke aka gyara." Ta ce ta fi jin daɗi a nan. Na ce za ki faɗi. Ta ce in ta faɗi a ɗauke ta. Haka ta tsaya har magariba, tsohuwa cikin baƙar abaya da niƙabi a tsakiyar ɗaruruwan mata masu baƙar abaya da niƙabi. Na yi ta mita a hanyar gida.

Juma'ar da ta biyo ba ta fita ba. Ta matsa kujerar dama, inda ba ta taɓa zama ba, ta sauke gilashi, ta zaro wani tsohon ɗankwalinta kore daga jaka. Ta zura shi waje ya rufe rabin ƙofar, ta ɗaga gilashin ya danne bakinsa. Sannan ta koma kujerarta ta hagu ta naɗe hannu. Ina kallonta ta madubi. Na fita na tsaya nesa kaɗan, na dubi layin motocin da ke bakin titin. Fara, fara, fara, wata ruwan toka, fara, fara. Da tamu a tsakiya, da ɗan ƙyalle yana kaɗawa.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma ban taɓa jin tausayin mahaifiyata irin na ranar ba. Mako guda tana ɗauke da abin nan ba ta faɗa mini ba, don ta ga na wahala, ta ga ina murna. Na koma cikin mota na kifa kai a sitiyari na yi kuka sosai. Na ce, "Inna me ya sa ba ki faɗa ba?" Ta ce, "Kin riga kin biya mai fenti. Share fuskarki, mutane na kallo."

Da sassafe ranar Asabar muna warsha. Samkarin ya saurare ni ya shafa gemu. Ya ce shekara arba'in yana wannan aiki, ba a taɓa dawo masa da mota don ta yi kyau ba. Ya ce kuma baɗi wurin dubawa za su iya yi mini ƙorafi, na ce baɗi ta zo tukuna. Matsalar ita ce wane kore. Ya fito da littafin launuka, Inna ta bi shafi-shafi tana girgiza kai, wannan ya yi duhu, wannan na tuta ne, wannan ai na masallaci ne. Can sai ta buɗe jakarta ta fito da ƙulli a takarda, ta kwance a kan tebur. Garin kuka ne. Ta ce, "Irin wannan, amma wanda ya kwana biyu a rana." Mutumin ya ce, "Hajiya, fenti za mu haɗa ko miya?" Ta ce, "Kai dai haɗa, in ya yi zan gaya maka." Ya yi ta ɗiga rawaya, ya ɗiga toka, yana shafawa a kan gwangwani yana kawo mata, sai a karo na biyar ta gyaɗa kai. Da na tambayi kuɗin aiki ya ce in tafi kawai, amma a bar masa kukar.

Juma'a huɗu suka wuce ba labari. A ta biyar, ana gab da fara haramar tashi, aka ƙwanƙwasa gilashin baya. Wata mata ce mai jiki, ta manyanta, ta ɗaga niƙabinta tana haki. Ta ce, "Don Allah, ku ne mutanen Karantina?" Inna ta ƙura mata ido. Sai ta ce mata, "Ke ce 'yar Gwaggo. Goshin ne." Matar ta dafa motar ta fashe da kuka.

Na shigar da ita ta zauna. Ta ce suna zaune a Bahra, a kan hanyar Makka, can ta koma da uwar tata. Watanni da suka wuce Gwaggo ta samu shanyewar ɓarin jiki, amma bakinta bai tafi duka ba, tana iya haɗa kalmomi da ƙyar. Ita da kanta ta ce, je ki Bab Makka ranar Juma'a bayan la'asar, ki nemi farar mota mai koriyar ƙofa. Ba ta faɗi saƙon ba, ta ce dai a zo mata da mai motar da uwarta. Matar ta ce ta zo sau ɗaya ta bi layin sama da ƙasa ba ta ga mota irin wannan ba. Ta sake samun mai zama da tsohuwar ta dawo karo na biyu, nan ma farare kawai ta gani. Kwana uku bayan wannan zuwan ciwon ya sake bugun Gwaggo, wannan karon ya tafi da harshen gaba ɗaya. Yau ba wanda ya aiko ta, ita ce ta kasa zama.

Na tambaye ta yaushe ne zuwan na biyu. Ta lissafa da yatsu ta faɗa. Juma'ar da Inna ta tsaya a rana ce. Matar ta wuce ta gabanmu, wataƙila har abayarta ta goge tamu, a lokacin Gwaggo tana da sauran magana a bakinta. Inna ma ta iya lissafi, na san ta gane. Na jira ta dube ni ta madubi, ba ta duba ba. Ta ce, "'Yar nan, tayar da mota."

Ban san yadda na kai mu Bahra ba. Hannuna na kan sitiyari, amma kaina na wurin waya ɗaya da na amsa a wurin aiki ba tare da na ja numfashi ba. A baya su biyu suna ta magana ƙasa-ƙasa, wane ya rasu, wane ya koma gida. Mun isa bayan an kira magariba, muka yi salla a falo kafin a shigar da mu.

Ɗaki ne ƙarami mai tsabta, da katifa a ƙasa. Gwaggo ta ƙanƙance har na yi zaton yarinya ce a kwance. Gefen bakinta ya ja, hannun dama a lanƙwashe a ƙirji. Amma idanun nata ne, irin waɗanda ke hango gudun da nake yi tun daga kujerar baya. Suka sauka a kan Inna suka tsaya.

Inna, da ciwon gwiwarta da komai, ta durƙusa a gaban katifar. Ta cire niƙabi ta kama hannun hagun, mai motsi. Ta ce, "Ni ce. Kin ga yadda kika rame, ba a ba ki abinci ne?" Muryarta ta karye, ta tsaya, ta sake farawa. "Na faɗa miki magana a tsakar gidana wadda bai kamata ta fito daga bakina ba. Tsoro ne ya sa ni, amma ni na faɗa. Tun ranar ban ji daɗin ruwa ba. Ki yafe mini don Allah."

Leɓen Gwaggo ya motsa. Maƙogwaronta ya yi aiki, jijiyar wuyanta ta tashi, ta yi ƙoƙari har gumi ya tsattsafo mata a goshi. Ba abin da ya fito, ko sauti. Hawaye ya gangara ta gefen ido ya shiga kunnenta. 'Yarta ta juya baya. Ni kuwa ina tsaye bakin ƙofa, na kasa shiga na kasa fita, na san amsar da Inna ta yi shekara tana jira ni na shafe ta.

Sai Inna ta sunkuya ta kai kunnenta dab da bakin Gwaggo. Ta daɗe a haka, tana gyaɗa kai a hankali kamar mai sauraren dogon bayani. Ta ce, "Na ji. To. Ni ma na yafe, ba ki yi mini komai ba. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Yatsun Gwaggo suka matse nata har suka yi fari.

Ta sake kai kunne, ta ƙara saurare. Sannan ta ɗago, ta waiwayo ta dube ni, karo na farko tun Bab Makka. Ta ce, "'Yar nan, me kike yi a tsaye? Zo ki durƙusa. Ta ce har ke."